KASHI NA 14: Ruwan ɗumi na Wikki, dajin Kamuku, da darasin da ke ciki ga mutanen Funtuwa

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan mako saboda waɗanda data ba ta isa su saurari murya ba, da kuma waɗanda suka fi son karatu. Yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi shi har ƙarshe.

Bari in fara da tambaya. In na ce maka "daji", me ke fara zuwa maka a rai? Ka faɗi gaskiya. In kai ɗan Funtuwa ne, ko Faskari, ko Sabuwa, ko Ɗandume, na san amsar. Babura ne, da bindiga, da kuɗin fansa. Yaron da aka haifa a yankinmu shekara 12 da suka wuce bai san wata ma'anar daji ba sai wannan. In an ce "an shiga da shi daji", kowa ya san kuka za a yi.

To ni yau wani dajin zan ba ku labari, wanda mutane ke biyan kuɗi da hannunsu don a shiga da su. Sunansa Yankari, a Jihar Bauci. Daga nan kuma mu dawo gida, mu duba namu dazukan, mu ga a ina aka rabu.

RANAR DA NA FARA GANIN WIKKI

Muna aji uku a jami'a aka kai mu ziyarar karatu. Daga garin Bauci ka kama hanyar Gombe, in ka kai Dindima sai ka karya, ka bi har ƙofar gandun a Mainamaji. Daga ƙofar ma akwai sauran tafiya mai nisa cikin daji kafin ka iso masaukin baƙi. Gaba ɗaya daga Bauci ya haura kilomita 100.

Abin da na fara cin karo da shi ba giwa ba ce, gwaggon biri ne. Na ajiye ledar burodi a kan mota ina ɗaura takalmi, ko da na ɗago, wani ƙato ya yi gaba da ita, ya zauna can gefe yana ci yana kallona kamar ni ne baƙon da bai san ƙa'ida ba. Kuma gaskiyarsa ce, gidansu na zo.

Bayan la'asar aka ce mu sauka wurin ruwa. Matakala ce doguwa, kana sauka kana jin iska na canzawa. A ƙasa sai ga wani jan dutse a tsaye kamar bango, ruwa na fitowa daga gindinsa shiru, ba ƙara ba kumfa. Ruwan garai-garai, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ga shi da ɗumi, irin ɗumin ruwan da uwa ke sirka wa jariri. Wannan shi ne marmaron Wikki.

Wallahi abin da ya fara zo mini a rai shi ne layin jarkoki na unguwarmu a watan Afrilu.

YANKARI A TAƘAICE

Yankari yana Ƙaramar Hukumar Alkaleri. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244 ne, wato sama da hekta 220,000. Manomi ya lissafa wannan da gonarsa ya gani. A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta amince a keɓe wurin don namun daji, aka buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya a matsayin gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauci da abinta. Har yau jiha ce ke riƙe da shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A ciki akwai giwaye, kuma garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Akwai ɓauna, gwanki, kanki, mazo, gadu, dorina da kada. Akwai 'yan zakuna kaɗan da suka rage. Tsuntsaye kuwa sun haura iri 350. Kogin Gaji ne ya ratsa tsakiyar gandun, kuma da rani in ruwa ya ƙafe ko'ina, nan dabbobin ke taruwa. Shi ya sa aka fi ganinsu daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu.

Ba dabbobi kaɗai ba ne. Akwai kogunan dutse 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna a ciki, ana kiransu kogunan Marshall. Akwai tsofaffin rijiyoyin Dukkey sama da 130. Akwai kufan matoyar tama inda kakannin kakanni suka narka ƙarfe. Ta yamma kuma akwai kwazazzabon Tonlong. Wato wurin nan mutane sun daɗe suna rayuwa da shi tun kafin Bature ya zo da takardar keɓewa.

ME YA SA RUWAN KE DA ƊUMI?

A cikin motarmu an yi musu sosai. Wani ya ce wuta ce a ƙarƙashin ƙasa, wani ya ce aikin mutanen ɓoye ne. Amsar ta fi haka sauƙi, kuma kowa a cikinku ya taɓa ganin misalinta.

Ka tuna safiyar hunturu a Funtuwa, lokacin da sanyi ke hana mutum fitowa alwala. Ruwan da ya kwana a bokiti a tsakar gida kamar ƙanƙara. Amma in ka jefa guga ka jawo na rijiya a lokacin, sai ka ji shi da ɗan ɗumi. Me ya sa? Saboda sanyin dare saman ƙasa kawai yake taɓawa. Can ƙasa zafin ba ya bin yanayi. Kuma duk yadda ka ƙara nitsawa, zafi ƙaruwa yake. A yawancin wurare a duniya, kowace kilomita ɗaya ta zurfi tana ƙara digiri 25 zuwa 30. Wato kowace mita 100 kusan digiri 3 kenan.

To Yankari yana zaune ne a kan dutsen yashi, wato yashin da ya daɗe a danne har ya zama dutse. Irin wannan dutse kamar soso yake, yana shan ruwa. In an yi ruwan sama a faɗin dajin nan, wani ya gangara rafi, wani kuma ya nitse. Wanda ya nitse yana tafiya a hankali ta tsakanin ƙwayoyin yashi, yashin na tace shi, ƙasa na ɗumama shi. In ya iso wurin da ƙasa ta yi kwari, ko dutse ya tsage, sai ya ɓullo. Shi ke nan marmaro.

Ɗumin Wikki digiri 31 ne da ɗan ɗoriya, dare da rana, rani da damina. Kuma a kowace rana yana fitar da kimanin lita miliyan 21. Bari in mayar muku da shi lissafin da muka sani. Jarkar 'yan garuwa lita 25 ce. Lita miliyan 21 jarka 840,000 kenan, a kullum. In da tankar mai ce mai cin lita 33,000, za ka cika sama da 630. Babu inji, babu dizal, babu wanda ya kunna, babu wanda zai kashe. Kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai wasu marmaron masu ɗumi a gandun, irin su Dimmil da Gwana da Mawulgo.

Abin lura a nan, ruwan da ka yi wanka da shi yau a Wikki ba na daminar bana ba ne. Ya daɗe yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Ajiya ce. Kuma ƙofar da ake zuba ajiyar ita ce ƙasar dajin da ke sama.

KWAZAZZABO DA MATSIRGA

Tunda mun taɓo aikin ruwa, bari in ƙarasa muku sauran biyun, don duk abu ɗaya ne.

Kwazazzabo ruwa ne ke yanka shi. Kowane manomi ya san yadda zaizaya ke farawa a gona: 'yar hanyar ruwa ce kamar sawun keke, bana ta kai gwiwa, baɗi ta kai ƙugu, in ba a tare ba ta cinye kunya goma. In ka ba ruwa shekaru dubbai a kan dutse mai taushi, abin da zai yi kenan, sai dai a babban sikeli. Haka Tonlong ya samu. Haka ma shahararren kwazazzabon nan na Amurka, Grand Canyon, wanda Kogin Colorado ya yanka har zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi.

Matsirga kuma, wato inda kogi ke faɗowa daga kan dutse, tana samuwa ne in ruwa ya bi ta kan dutse mai tauri sannan ya tarar da mai taushi a gaba. Mai taushin ya cinye da wuri, mai taurin ya tsaya, sai a samu tsani, ruwa na zubowa. Akwai ta kusa da Kafanchan, wadda sunanta ma ke nan, Matsirga. Akwai ta Gurara a Jihar Neja, mai tsawon kimanin mita 30.

Yanzu ga tambayar da na san da yawa ba za su iya amsawa ba. Wace matsirga ce ke maƙwabtaka da mu? Sunanta Dogon Ruwa. A cikin dajin Kamuku take.

KAMUKU, MAƘWABCINMU

E, Kamukun nan dai da kuke ji a labarai. In ka bar Funtuwa ka kama hanyar Birnin Gwari, ƙasar da ka nufa kenan. Mu mun san shi da sunan maɓoyar 'yan bindiga, amma a takarda gandun daji ne na ƙasa, kamar yadda Yankari ya taɓa zama. An fara keɓe shi a 1936 a ƙarƙashin hukumar En'e, sannan a 1999 gwamnatin tarayya ta ɗaga darajarsa. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120, rabin Yankari kenan. Ta arewa maso yamma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. A ciki akwai matsirgar Dogon Ruwa, akwai wani ƙaton dutse mai santsi da ake kira Goron Dutse, akwai Tsaunin Rema inda rema ke da yawa. An san shi da giwaye da gwanki da tsuntsaye iri-iri.

Ku ɗaga hannu, a cikin masu saurarona wa ya taɓa ganin Dogon Ruwa? Ni dai ban taɓa ba. Na je Bauci, tafiyar yini guda, na yi wanka a Wikki, amma matsirgar da ke bayan gidanmu a hoto ma da ƙyar na gan ta. Tun 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin, har da na Katsina da na Kaduna, suka haɗa kuɗi aka tura jami'an tsaro su fatattaki ɓarayin shanu daga ciki. Abin da ya biyo baya kuma ba sai na ba ku labari ba, a jikinmu ya ƙare. Gonakin da aka bari a Faskari da Sabuwa, da 'yan'uwanmu da suka dawo cikin gari suna raɓe a kangaye, su ne shaida.

Kuma ba Kamuku kaɗai ba. Dajin Rugu da ke yammacin jiharmu keɓaɓɓen daji ne. Falgore a Kano gandun namun daji ne. Kai, Sambisa kanta, wadda sunanta ya zagaye duniya, asalinta gandun namun daji ce da ake zuwa kallon dabbobi. Kun ga abin ya maimaita kansa da yawa, ya wuce a ce tsautsayi ne.

A INA AKA RABU?

Kada wani ya fahimce ni baibai. Ban ce daji ne ya haifi ta'addanci ba. Dalilan suna da yawa: satar shanu da aka yi sakaci da ita, burtali da makiyaya da aka nome, rashin adalci a wurin shari'a, ɗaukar doka a hannu, makaman da suka kwararo bayan rushewar Libiya a 2011, haƙar zinare, talauci da rashin makaranta. Kowanne shiri ne mai zaman kansa. Amma duk waɗannan suna buƙatar wurin kwana, kuma wurin kwanan shi ne dajin da babu mai leƙa shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku tambayi dattawa labarin malamin daji. A da, in ka sare ɗanyen icce a keɓaɓɓen daji, kafin ka kai shi gida labari ya riga ka. Mutum ɗaya ne da keke ko ƙafa, amma ya san kowace hanya, ya san kowane mafarauci, ya san ruga nawa ce a ciki da sunan ardonsu, kuma yana da dagaci da hakimi a bayansa. Baƙo ba ya kwana biyu a dajin ba a sani ba. Da aka bar wannan tsari ya lalace, ba a ɗauki sabbi ba, ba abin hawa, ba kayan aiki, sai dajin ya zama na wanda ya fi ƙarfi. Masu gawayi suka fara, masu katako suka biyo, ɓarayin shanu suka ga wuri, daga nan sai masu manyan makamai.

A Yankari kuwa, duk da matsalolinsa, ba a taɓa daina sintiri gaba ɗaya ba. Akwai masu gadi da ke kwana a daji suna zagayawa. A 2014 gwamnatin Bauci ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS don ta taimaka wajen kula da aikin masu gadin: horo, alawus na sintiri, abinci, da na'urar da ke nuna inda kowace tawaga ta taka. An sa wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, an kuma ɗauki mutanen ƙauyukan gefe su riƙa sanar da jama'a in giwaye sun nufo gonaki. Bayan 2015 an yi shekaru a jere ba a samu rahoton kashe giwa don haurenta ba.

Ba ina cewa can aljanna ce ba. Mafarauta na shiga, ana kora shanu ciki, an kashe masu gadi a bakin aiki, giwaye na yi wa manoma ɓarna, kuma a 'yan shekarun nan ƙauyukan Alkaleri ma sun ɗanɗani hare-haren 'yan bindiga. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Amma har yau ɗalibai na cika mota su je su kwana a tsakiyar dajin su dawo lafiya. Bambancin kenan. Kuma ku tuna, jiha ce ke riƙe da shi. Kamuku na tarayya ne, da babban suna, amma sunan bai tsare shi ba. Abin da ke tsare daji shi ne ƙafar da ke taka shi kullum, da mutanen gefensa da ke ganin amfaninsa.

TO MU INA RUWANMU?

Wani zai ce, malam, mu da ke fama da kuɗin taki, ina mu ina giwa? Tambaya ce mai kyau. Ka manta da giwa, mu yi maganar ruwa.

Mutane da yawa ba su san cewa Kogin Sakkwato daga yankin Funtuwa ya taso ba. Daga nan yake gangarawa ya bi ta Gusau, ya cika madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, ya haɗu da Kogin Rima a Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa Kogin Kwara. Wato kifin da ake gasar kamawa a Argungu, a cikin ruwan da yake iyo akwai wanda a kan tudunmu ya fara sauka. Mu ne a kan tudu, mu ne mafarin ruwa.

Amma ƙasarmu ba irin ta Yankari ba ce. Mu a ƙarƙashinmu ba dutsen yashi mai shan ruwa ba ne, dutse ne mai tauri irin wanda ake fasawa a yi kankare. Ruwanmu yana zama ne a cikin 'yar ƙasar da ta ruɓe a saman dutsen da kuma cikin tsagoginsa. Randarmu ƙarama ce. Shi ya sa za ka ga an haƙa burtsatse nan an samu ruwa, a matsa taku hamsin a haƙa a tarar da dutse busasshe. Shi ya sa kuma rijiyoyi ke ja da baya tun kafin bazara ta yi nisa, duk da cewa mun fi arewacin jihar samun ruwan sama nesa ba kusa ba.

Mai ƙaramar randa shi ya fi kowa buƙatar kada ruwa ya zube a banza. In ruwan sama ya sauka a ƙasa mai itatuwa da ciyawa da ruɓaɓɓen ganye, ganye na rage masa ƙarfi, saiwoyi na buɗe masa hanya, sai ya tsaya ya nitse. In ya sauka a ƙasar da aka aske ƙwal, gudu yake yi. Cikin awa ɗaya ya tafi, kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana ɗauke da ƙasar sama mai albarka da takin da ka ci bashi ka zuba. Ina yake kai su? Cikin rafi, daga rafi zuwa madatsa. Kowace madatsar ruwa a duniya, har da Mairuwa da Gwaigwaye da ta Malumfashi, in aka aske itatuwan da ke bayanta, laka ce za ta riƙa cika cikinta a hankali. Daga sama ka ga ruwa shimfiɗe, amma zurfin ya ragu. Mai noman rani a Ɗanja ko Bakori ko Ƙafur, wanda tumatirinsa da rakensa suka dogara da fadama, wannan maganar tasa ce kai tsaye.

Yanzu ka tsaya bakin titi ka ƙirga buhunan gawayi da ke wucewa a yini ɗaya. Kowane buhu kirya ce ko marke ko kaɗanya da ta yi shekaru tana girma. Ban zargi mai sarewa shi kaɗai ba, yunwa ce ta kai shi, kuma mu da ke cikin gari mu ne masu saye tunda gas ya fi ƙarfin aljihu. Amma lissafin ba ya canzawa don muna da uzuri.

DAJIN KOGO: DAMAR DA KE HANNUNMU

Ga wani abu da na tabbata da yawanmu ba su ji ba. A Disamba 2020 gwamnatin tarayya, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, ta sanar da amincewa da sabbin gandayen daji na ƙasa guda 10. A cikinsu akwai Falgore ta Kano, akwai dausayin Haɗeja a Jigawa, akwai kuma dajin Kogo na Jihar Katsina, wanda ke nan yankin Faskari. Wato a takarda, shiyyar Funtuwa tana da nata gandun daji na ƙasa.

To amma mun riga mun ga darasin Kamuku: takarda ba ta sintiri. Saboda haka tambayoyin da ya kamata matasan shiyyar nan su riƙa yi wa duk wanda ya zo neman ƙuri'a su ne: ina iyakar dajin take? Masu gadi nawa aka ɗauka, kuma nawa ne 'yan Faskari da Sabuwa da Ɗandume a cikinsu? Nawa aka ware a kasafin kuɗi, nawa aka saki? Manomi da makiyayin da ke gefen dajin, me za su samu?

Wannan ta ƙarshen ita ce uwa. In aka keɓe daji aka kori mutane ba tare da an ba su madadi ba, an ƙirƙiri abokan gaba ne kawai. Makiyayi na buƙatar burtali da mashaya. Mace na buƙatar itacen girki da 'ya'yan kaɗanya da ɗorawa. A Ruwanda, kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandayen daji ke samu daga masu yawon buɗe ido ana mayar da shi ga ƙauyukan da ke kewaye, a yi musu aji ko asibiti ko ruwan sha. Mutumin da ɗansa ke karatu a ajin da kuɗin daji ya gina, shi zai fara kai rahoto in ya ga baƙuwar fuska. Nan kusa da mu ma, a Kure ta Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa sun ragu har sun koma kusan 50 a 1996, amma da aka haɗa kai da mutanen ƙauyukan sai da suka haura 600. Sannan harin da aka kai wurin a Agusta 2020, inda aka kashe mutum 8, ya nuna ɗaya gefen: rana ɗaya ta rashin tsaro tana iya korar baƙin da aka yi shekaru ana tarawa. Tsaro da kula da daji tare suke tafiya, ba a samun ɗaya a bar ɗaya.

ABIN DA ZA MU IYA TUN YANZU

Na san babu wanda zai ɗauki gora ya nufi Kogo gobe, kuma ban ce a yi ba. Amma akwai abin da ke hannunmu.

Na farko, ka je wurin kakanka ko wani dattijo a garinku ka tambaye shi: a ina marmaro yake a da? Wane rafi ne ba ya ƙafewa da rani lokacin yana yaro, yanzu kuma yana ƙafewa? Wace kurmi ce ta ɓace? Ka rubuta sunayen. In ba mu san abin da muka rasa ba, ba za mu san abin da za mu nema a dawo da shi ba.

Na biyu, in kana da gona a bakin rafi ko fadama, ka bar 'yan taku tsakanin kunyar ƙarshe da bakin ruwa, ka bar ciyawa da itatuwa su riƙe gaɓar. In kana sharar gona ka ga kututturen gawo ko kaɗanya ya yi toho, kada ka ƙone shi, ka rage rassan ka bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Da wannan dabarar manoman Maraɗi da Damagaram suka dawo da miliyoyin itatuwa a gonakinsu, a ƙasar da ba ta kai tamu ruwan sama ba.

Na uku, masu dashen itace na ƙungiyoyi, mu ji tsoron Allah. Dasa dubu a ɗauki hoto a watse ba aiki ba ne. Gara hamsin da za a kewaye, a ba su ruwa har su tsallake rani biyu.

Na huɗu, malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, in hali ya yi kuma an tabbatar da lafiyar hanya, a haɗa kuɗi a kai yara Yankari. Gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya a cikin ruwan Wikki ya ga ƙafarsa a kan yashi, ya ga giwa ta tsallaka hanya da 'ya'yanta, in ya dawo kalmar "daji" ta samu ma'ana ta biyu a kansa. Irin waɗannan yaran ne gobe za su zauna a ofis su yanke shawarar ko a saka wa Kogo kuɗi ko a bar shi.

Ni burina ɗaya ne, kuma ba na jin ya fi ƙarfin Allah. Ranar da za mu cika mota a tashar Funtuwa da safe, mu je Dogon Ruwa mu ci abincin rana a gindin matsirga, mu dawo gida kafin magariba, iyayenmu ba su kira waya ko sau ɗaya ba.

Wanda ya taɓa zuwa Kamuku lokacin ana zaman lafiya, ko mahaifinsa ya yi aikin malamin daji, don Allah ya ba mu labari a ƙasa, muna so mu karanta wasu a shiri na gaba. Haka wanda ya samo sunan tsohon marmaron garinsu. A tura wa wanda ya kamata ya ji.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.